Haɗa Hatsi da Wake a Gona Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa har yanzu manoma ke haɗa gero, dawa da wake, alhali ana cewa noman zamani shi ne shuka iri ɗaya?

Saboda damina ba ta da tabbas, kuma amfanin ukun ba lokaci ɗaya suke cin ruwa da taki ba. Gero na shiga ƙasa da ruwan farko, wasu ma binne suke yi tun ruwa bai sauka ba, kuma cikin kamar kwana 90 ya nuna. Dawar gargajiya irin su ƙaura da farafara tana jan lokaci har kaka. Wake kuwa sai damina ta yi nisa ake shuka shi, ya ƙarasa da danshin da ya rage. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya tsira. In fari ya kama gero yana yabanya, ga dawa a baya. Ga kuma harawa, wadda a wasu shekarun kuɗinta kan yi kusa da na waken kansa.

Binciken da aka yi a ƙauyukan Zariya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) ta Samaru tun shekarun 1960 ya nuna haɗin shuka dabara ce ta rage asara da kuma samun amfani mai yawa daga ƙaramin fili. Ba rashin sani ba ne.

To ina matsalar take?

Inuwa. A haɗin gargajiya, wake yana zaune ne a ƙarƙashin dawa mai tsayin da kan haura mita 3. Sai ya yi ta yaɗo yana neman haske, ya tara ganye, fure kaɗan. An kuma warwatsa shi jefi-jefi a cikin hatsi, ga feshi ya gagara domin mai famfo ba ya iya kutsawa tsakanin karare. Shi ya sa manomi kan yi roro a hekta guda ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Tsarin gicci ya ɗan rage wannan. A nan layin hatsi ne ke gitta kunyoyi da tazara mai faɗi, gyaɗa ko wake kuma su cika tsakani. Haske na shiga, amma har yanzu zuba taki da feshi ba sa tafiya a tsare.

Wane tsari ne ya fi gyara wannan?

Layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, a yi ta maimaitawa har ƙarshen gona. Masu binciken IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a tasharsu ta Kano ne suka gwada shi suka yaɗa shi a tsakanin manoma, kuma a ganinmu shi ne gyaran da ya fi dacewa da ƙaramin manomi, domin bai raba shi da hatsinsa ba.

Ana yin kunyoyi da tazarar santimita 75. Masara a ba ta santimita 25 tsakanin tushe da tushe in ɗaya za a bari, ko 50 in biyu ne. Waken da ke tsayawa a miƙe a ba shi santimita 20, tushe biyu a rami, mai yaɗo kuma a ƙara masa fili. Layuka biyun tsakiya na wake suna samun rana sosai, na gefe ne kawai inuwa ke taɓawa. In dawa za a sa, gajeriya ta fi, doguwar dawa takan kwanto ta rufe layukan gefen.

Ribar da ba a cika lura da ita ba ita ce ta taki. Hatsi na cin kashi ɗaya cikin uku na gonar ne kawai, don haka yuriyar da za a saya ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa shuka girma da yin kore, buhun NPK 15-15-15 kuma kilo 7.5. Yuriya ta hatsi ce kaɗai: a tona a gefen tushe a binne ta bayan mako huɗu zuwa shida, ƙasa na da danshi. In aka watsa ta a kan wake, ganye zai yi ta yi ba kwanso. Abin da wake da gyaɗa ke buƙata shi ne takin sufa, tun wajen shuka. Shekara mai zuwa a matsar da layukan, hatsi ya hau inda wake ya zauna.

Gaskiya ne wake na ciyar da hatsin da ke kusa da shi?

Kaɗan ne ƙwarai a daminar da suke tare. Ka tuge tushen wake mai wata ɗaya da rabi, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna jawo naitirojin daga iska. In fari ne ko kore, ba sa aiki. Amma yawancin abin da suka jawo yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye. Wanda ya yi roro, ya kwashe harawa kaf ya sayar, saiwa kawai ya bar wa gona. Sai in dabbobi sun ci harawar an mayar da takinsu gona ne ƙasa za ta amfana yadda ake faɗa.

Yaushe ya kamata a shuka waken?

Ya danganta da iri. Waken gargajiya kamar kanannado ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko da an shuka shi tun Yuni. Shuka shi da wuri ƙarin yaɗo ne kawai, har ya hau gero. Shi ya sa a ƙasar Kano ake sa shi daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, yadda da an girbe gero zai samu sarari. Ingantattun irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75 kuwa, a lissafa baya ne daga ƙarshen damina. In suka nuna cikin marka, kwanso ruɓewa yake. In aka makara, ruwa ya ɗauke suna fure.

Maganin ciyawa da na ƙwari fa?

Nan ake yawan tafka asara. Atarazin da 2,4-D na gonar hatsi zalla ne, suna kashe wake da gyaɗa, kuma atarazin kan daɗe a ƙasa har ya taɓa waken da aka shuka daga baya. A gonar haɗi, a karanta takardar maganin a tabbata ya dace da duka biyun, ko a tsaya ga hauya. Feshin ƙwari kuma layukan wake kawai ake yi wa, sau biyu zuwa uku: da fitowar tohon fure, da fure ya cika, sai lokacin kwanso. Tsutsar da ke huda fure da kwanso ita ce babbar ɓarna, kuma ita ce irin waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 yake jure wa, amma bai hana sauran ƙwarin ba.

Haɗi na kashe wuta-wuta?

Yana ragewa. Saiwar waken suya da ta gyaɗa na sa irin wuta-wutar hatsi, wato ƙuduji, ya tsiro, ya rasa tushen da zai kama, ya mutu. Sai dai irin yana daɗewa shekaru a ƙasa, don haka sai an haɗa da taki da tuge shi kafin ya yi iri. A lura wake na da tasa wuta-wutar daban, ita kuma irin waken SAMPEA 10 na jure mata.

Ana iya noma biyu a shekara a fili ɗaya?

A tudu, sai inda damina ke da tsawo kamar yankin Zariya: masara mai saurin nuna, a shuka wake a kwarinta kafin a girbe. A fadama da filin ban-ruwa irin na Kadawa, shinkafa ce da damina, alkama ko tumatir da rani. Sharaɗin alkama shi ne ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta samu sanyin hunturu, saboda haka shinkafar da za ta gabace ta dole ta zama mai saurin nuna. Kada kuma a bi tumatir da tattasai ko attarugu a fili ɗaya, domin dangi ɗaya ne, kuma tsutsar da ke kumbura musu saiwa tana nan a ƙasa tana jiran na biyun.