Waiwaye: Yadda Tashar Manyan Motoci Ta Zama Dajin Yara a Landan

Tun bayan kullen annobar korona a 2020, lokacin da alƙaluman hukuma suka nuna cewa gida ɗaya cikin takwas a Birtaniya ba shi da ko ɗan lambu, a Landan kuwa ɗaya cikin biyar, ake ta muhawara a Ingila kan inda yara za su riƙa fita su taɓa ƙasa, su hau bishiya, su ga kwaɗo da idonsu. A 2023 gwamnati ta yi alƙawarin cewa kowa zai sami fili mai ciyayi ko bakin ruwa da bai wuce tafiyar minti 15 daga gidansa ba, kuma a shekarar aka ƙaddamar da shirin raya harabar makarantu da tsirrai domin ɗalibai su riƙa nazarin halittu a cikinta. Galibin masu tsokaci wayar hannu suke ɗora wa laifi, kamar dai ranar da ta shigo ne yara suka daina fita. Maganar ta girmi wayar da shekaru masu yawa.

Farkon labarin sananne ne. A 1840 Friedrich Froebel na Jamus ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara sunan da ke nufin lambun yara. A 1943 aka buɗe filin wasa na tarkace a unguwar Emdrup ta birnin Copenhagen na Danmak, inda yara ke gina bukkoki da katako da bulo, kuma Lady Allen, wata Baturiyar Ingila mai fafutukar jin daɗin yara, ta kai wannan dabara Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa amfani da kangayen da bom ya bari. Tsarin makarantar daji ma, wato koyar da yara a waje cikin itatuwa, daga Danmak ya shigo, bayan ziyarar da malaman kwalejin Bridgwater ta Ingila suka kai can a 1993.

A tsakanin waɗannan shekaru abu biyu suka ƙwace wa yara, wato kangon fili da kuma iznin yawo. Kangayen yaƙi an gine su ɗaya bayan ɗaya, tituna kuma suka cika da motoci har iyaye suka ga tsare yaro a gida ya fi kwanciyar hankali. Wani bincike da Mayer Hillman da abokan aikinsa suka fitar ya nuna cewa a 1971 kashi 80 cikin ɗari na yara 'yan shekara bakwai da takwas a Ingila suna zuwa makaranta ba tare da babba ba, amma zuwa 1990 sun koma kashi 9. A lokacin babu yaron da ke riƙe da waya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wanda ya faru a 1977 a bakin kogin Thames, dab da gadar Tower da ke tsakiyar Landan. Akwai wani fili mai kimanin eka biyu da a da manyan motoci ke kwana a cikinsa, ƙasarsa ta daskare, ba mai kallonsa sau biyu. Max Nicholson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya, shi ya kawo shawarar a mayar da shi wurin nazarin halittu, albarkacin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga. 'Yan sa kai suka zuba ƙasa, suka haƙa tafki, suka dasa itatuwa da ciyayi irin na ƙasar, sauran kuma aka bar wa iska da tsuntsaye su kawo irinsu. Aka sa masa sunan William Curtis, masanin tsirrai na ƙarni na 18 da ya yi nazarin ciyayin da ke tsirowa a kewayen Landan.

Wanda ya tashi yana tsinkar magarya da kanya a bayan gari zai yi mamakin a ce sai an haƙa wa yaro kududdufi da gangan kafin ya san talibambam, amma halin da 'ya'yan tsakiyar Landan ke ciki ke nan. Kafin wannan lokaci, masu kare muhalli sun ɗauka daji yana can nesa da gari, sai makaranta ta yi hayar mota sau ɗaya a shekara ta kai ɗalibai. Wannan ɗan fili ya nuna cewa ƙasar da ta mutu tana iya farfaɗowa cikin 'yan shekaru da kuɗi kaɗan, har malam buɗe littafi da kwaɗi su dawo, kuma malami yana iya tako ƙafa da ajinsa ya zo ya koma kafin a tashi. Dubban ɗalibai sun ziyarce shi. A ganina kusancin nan shi ne ya fi komai muhimmanci, domin yaron da ba a bari ya tsallaka babban titi ba zai amfana da dajin da ke bayan gari ba, komai girmansa.

Sai dai filin na aro ne, kuma kowa ya san haka tun ranar farko. A 1985 wa'adi ya cika, aka rufe shi, daga baya aka samar da madadinsa a Stave Hill da ke unguwar Rotherhithe. A daidai wannan lokaci ƙungiyar kare namun daji ta Landan, wadda aka kafa a 1981, ta buɗe wani irinsa a titin Camley, kan tsohon wurin sauke gawayin jirgin ƙasa kusa da tashar King's Cross. Girmansu kusan ɗaya ne, amma na Camley ya sami rajista a matsayin keɓaɓɓen wurin halittu ƙarƙashin wata doka ta 1949 da ta ba ƙananan hukumomi wannan iko. Unguwar ta sauya kama gaba ɗaya, dogayen gine-gine sun kewaye shi, amma har yau 'yan firamare na zuwa da 'yan komayensu suna kamfatar ƙwarin ruwa a tafkinsa. Inda filin William Curtis yake a da kuwa, ofisoshi ne da dandalin shan iska na bakin kogi.