Riƙon Ƙasa na Wa'adi da Haƙƙin Mai Jira a Dokar Ingila

A dokar Ingila, tun bayan da William na Normandy ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, ana ɗaukar ƙasa duka ta Sarki ce. Abin da mutum ke riƙe da shi shi ne damar cin moriyarta na wani tsawon lokaci. Wannan lokacin ne lauyoyi suka mayar dukiya: ana sayar da shi, ana gadonsa, ana ma raba shi tsakanin mutane, wannan ya ci yau, wancan ya ci gobe.

Riƙo mafi ƙarfi shi ne wanda ba shi da ranar ƙarewa, mai shi ya sayar ko ya bar wa magada. Akwai riƙon zuriya, wanda dokar De Donis ta 1285 ta ƙarfafa, inda ƙasa ke bin 'ya'ya da jikoki kawai. Akwai riƙon muddin rai, sai haya mai wa'adi. Dokar dukiya ta 1925 ta bar biyu kaɗai a matsayin cikakken riƙo, marar iyaka da haya, sauran suka koma ƙarƙashin amana.

A ce dattijo ya yi wasiyya: gida na matarsa ne muddin tana raye, bayanta na ɗansa. Mabuɗi na hannun uwa, ɗan kuwa ba zai kwana a gidan ba sai da izninta. Duk da haka haƙƙinsa dukiya ne tun yau, yana iya sayar da shi, kuma in ta fara sassare itatuwan katako ko rushe gini, kotu za ta saurare shi. Nan hikimar tsarin take, domin gwauruwa ta sami matsuguni, ɗa kuma bai yi asara ba. In da sharaɗi, misali sai ɗan ya kai shekara 25, haƙƙin na rataye har sharaɗin ya cika. In kuwa mai bayarwa bai ambaci kowa bayan matar ba, gidan ya koma gare shi ko magadansa. Malaman Malikiyya sun san irin wannan, kyautar moriya ta tsawon rai wadda ke komawa ga mai ita.

Matsalar ita ce mamaci na iya ɗaure hannun jikokin da bai taɓa gani ba. Shari'ar Duke na Norfolk ta 1682 ta aza harsashin ƙa'idar hana ɗauri na har abada, wadda daga baya ta tsaya a kan rayuwar wani mai rai da ƙarin shekara 21. Dokar 2009 ta mayar da wa'adin shekara 125 a Ingila da Wales.

A Najeriya ma akwai riƙo na wa'adi: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna bisa amana, takardar shaidar mallaka kuma galibi wa'adin shekara 99 take ɗauke da shi.