Waiwaye: Daga magimfa zuwa fiya-fiya, yadda guba ta bi ruwa ta iske kifin Jos

Duk wanda ya taso a Jos ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari. Turawa sun kwashe ma'adini sun tafi, ramukan suka cika da ruwa, mu kuma muka gaje su. Da su da kogin Dilimi 'yan lambu ke ban ruwa da rani, su fitar da kabeji da tumatir da karas da ake lodi a kasuwar Farin Gada. A cikin ruwan nan dai tarwaɗa da karfasa suke rayuwa. Lambu a sama, kifi a ƙasa, abin da aka fesa wa ganye kuwa ba ya tsayawa a kan ganye.

Sa wa kifi guba ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun san magimfa: a daka ganyenta a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso, a kwashe. Sai dai dafin magimfa ba ya daɗewa, rana da iska suna karya shi. Labari ya canza ne bayan 1939, lokacin da Paul Müller, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano cewa DDT na kashe ƙwari. Har lambar yabo ta Nobel aka ba shi a 1948. Maganin ya iso Arewa da wuri, domin a tsakiyar shekarun 1950 an riƙa zuba shi kai tsaye a kogunan tsohuwar masarautar Abuja, wato Suleja ta yau, don kashe tsutsar ƙudan da ke makantar da mutane. Niyyar mai kyau ce, wannan ba a musu. Amma DDT da danginsa ba sa ruɓewa da sauri. Suna maƙalewa a kitse, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, gubar tana ƙara taruwa har ta kai ga wanda ya sa kifin a miya.

Cikin dangin nan, wanda ya fi yin suna a bakin ruwa shi ne gamalin. Don gonar koko aka fi sayar da shi, amma wasu masu son banza suka mai da shi abin kamun kifi. Kwalba ɗaya a gulbi, uwa da 'ya'ya su taso ciki sama. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta wannan ɗabi'a. Amurka ta hana fesa DDT a gona tun 1972, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi a jerin abubuwan da za a taƙaita, sinadarin gamalin ya shiga jerin a 2009, wani maganin ƙwari mai suna endosulfan kuma a 2011. A gida kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta magungunan gona guda 30 a 2008.

Sai aka koma wa waɗanda ba sa daɗewa a ƙasa, irin su dichlorvos, wanda muke kira fiya-fiya, da chlorpyrifos, da cypermethrin. A nan ne nake ganin an yi wa manomi gurguwar fahimta. An ce masa sababbin sun fi sauƙi, kuma gaskiya ne cypermethrin bai kai tsofaffin illa ga mutum da dabba ba. Ba a gaya masa cewa ga kifi, ɗigo kaɗan ya isa ba.

Abin da ke faruwa a jikin kifin abin tausayi ne. Fiya-fiya da ire-irensa suna toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Saƙo ya yi ta zuwa babu tsayawa, naman jiki ya yi ta karkarwa. Shi ya sa za ka ga kifi yana iyo a haukace, yana juyi, yana tasowa saman ruwa yana haɗiyar iska, jikinsa ya yi yauƙi fiye da kima, daga baya ya kife gefe guda. Jajayen ganyayyakin nan na ƙarƙashin kunnensa, waɗanda mai saye ke buɗewa ya duba ko kifin sabo ne, su ne huhunsa, kuma su guba ke fara ci: su kumbura, su manne da juna, numfashi ya gagara. Hanta, da yake ita ce mai tace dafi, ƙwayoyinta su fara mutuwa. Ƙoda ma haka. Wanda bai mutu ba kuwa sai ya rage cin abinci, girma ya tsaya, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Masunci dai ya ga kamu ya ragu, ya ce shekara ce.

Shekarar 2016 ta ƙara wa wutar fetur. Tsutsar tumatir ta Tuta absoluta ta cinye gonaki a Arewa, tsutsar masara ma ta bayyana a Nijeriya a shekarar. Manomin da ya ci bashi ya shuka, ba ka ce masa ya rage feshi ya saurare ka. Aka ninka awo, aka haɗa magani biyu uku a tulu ɗaya. Kafin nan ma, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu saboda yawan dichlorvos a cikinsa. Da yake asarar ta kuɗi ce, an yi ta magana. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, wanda shi ma dichlorvos ne, a kasuwanni, saboda rayukan mutane da ake rasawa. Kifi kuwa har yau ba shi da mai tsaya masa, a jihar Filato da take da gonar kifi ta Panyam tun shekarun 1950.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. Da yamma, in an gama feshi, a bakin kududdufin da aka ɗebo ruwan haɗi ake ɗauraye tulun feshin, a jefar da kwalbar nan gefe, ruwan farko na damina ya wanke ta zuwa ciki. 'Yan taku kaɗan daga wurin, yara na zaune da ƙugiya suna jiran tarwaɗa.