Camfe-camfen Indiyawa da bangaskiyar Kirista: tambayoyinku da amsoshina

Tun da 'ya'yanmu suka yawaita zuwa Indiya karatu da neman magani, tambayoyi iri ɗaya ake ta kawo mini. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai akwai Kiristoci a Indiya?

Akwai. Ƙidayar 2011 ta nuna sun kusa miliyan 28. A jihohin Nagaland, Mizoram da Meghalaya su ne suka fi yawa. Na Kerala kuma suna riƙe da cewa Manzo Toma ne ya kai musu bishara a shekara ta 52. Ku daina auna ƙasa da abin da kuka gani a fim.

Mene ne lemun tsami da barkonon da ake ratayewa a ƙofar shago?

Kariya ce daga kambun baka da mugun ido: lemo ɗaya, ɗanyen barkono bakwai, a zare. Haka ɗigon kwallin da ake yi wa jariri a goshi. Laya ce. Kirista ba ya bukatarta.

Su Kiristocin can suna irin wannan?

Wasu suna yi. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya gano kashi 54 cikin ɗari na Kiristocin Indiya sun yarda da karma, wato imanin cewa abin da mutum ya aikata zai dawo masa, kashi 32 kuma sun yarda ruwan kogin Ganges yana tsarkakewa. Matsalar ba ta yau ba ce. Taron ikilisiya na Diamper a 1599 ya hana Kiristocin Kerala zuwa wurin masu duba don zaɓen ranar sa'a, ko da yake taron ya wuce gona da iri, har ya sa aka ƙona tsofaffin littattafansu na Siriyanci. Kuma don Allah kada in ji kuna dariya. Wanda ya fito sujada ranar Lahadi alhali akwai laya a ƙarƙashin matashin kansa ba shi da bakin magana a kan Ba'indiye.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce game da duban taurari?

Ya hana. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 da Ishaya 47:13-14. Ku buɗe ku karanta da kanku.

Ɗana zai auri Kirista 'yar Kerala. Iyayenta sun ce kada a ɗaura aure a lokacin Rahu. Mu yarda?

Wannan ba ta amsuwa da kalma ɗaya, baba, sai ka yi haƙuri. Rahu kalam wani yanki ne na kowace rana, kamar awa ɗaya da rabi, da ake ɗauka bai dace a fara abin alheri a cikinsa ba. Ana raba wuni kashi takwas, kashi ɗaya na Rahu ne, wato halittar da tatsuniyar Hindu ta ce tana haɗiye rana lokacin husufi. Ranar Asabar yakan faɗa wajen ƙarfe tara zuwa goma da rabi na safe, Lahadi kuma wajen huɗu da rabi zuwa shida na yamma.

To, ƙarfe goma sha ɗaya ba ta fi ƙarfe tara tsarki ba, ba ta kuma fi ta zunubi ba. In surukanka sun ce a yi da goma sha ɗaya don kaka ta tsufa kuma hankalinta ba zai kwanta ba, ko don dangi 'yan Hindu ba za su zo ba, ni ban ga laifin sassauci ba, muddin ɗanka da amaryarsa sun san a zuciyarsu cewa Allah ne mai rana da sa'o'inta. Bulus ya yi irin wannan maganar a kan naman da aka miƙa wa gumaka, a 1 Korantiyawa 8: gunki ba komai ba ne, amma ka kula da lamirin ɗan'uwanka.

Sai dai Bulus ɗin nan, a sura ta 10, ya ce in aka gaya maka a fili cewa naman na hadaya ne, kada ka ci. Saboda haka in maganar ta kai ga a ba mai duba ranar haihuwar yaran ya haɗa taurarinsu, ko a biya shi ya fitar da sa'a, nan kam ku tsaya. Ba lokaci kuke zaɓa ba, duba kuka je. Tsakanin waɗannan biyu akwai wurin da ba a rabewa cikin sauƙi, misali in iyayen sun riga sun duba a ɓoye, suka kawo muku lokaci kawai. A ganina ba a ɗora wa ango laifin abin da bai nema ba, amma ya dace ya faɗa musu cikin ladabi cewa shi ba a kan haka ya dogara ba. Wani fasto zai fi ni tsauri a nan, ba zan kuma ce ya yi kuskure ba. Ku zauna da limamin cocin amarya, ya fi mu sanin mutanensa. Ka kuma tambayi ɗanka kai tsaye: da an ɗaura da ƙarfe tara, zai kwana da fargaba? In ya ce e, aikin da ke gabanka ya wuce na agogo.

Sarƙar da ango ke ɗaura wa amarya a wuya fa?

Minnu ke nan, ɗan zinariya ne mai gicciye a jiki, a coci ake ɗaura shi bayan an yi masa albarka. Al'adar aure ce. Ku bar mutane da kayansu, ba kowane baƙon abu ne tsafi ba.

Ina da ciki, maƙwabciyata ta ce kada in fita ko in taɓa wuƙa ranar husufi.

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wata ne ya shiga tsakanin rana da duniya, ba abin da zai sami jaririnki. Kada dai ki kalli rana da ido kai tsaye, wannan zai iya lahanta ganin kowa.

Duk Indiyawa ne suka yarda da camfi?

A'a. Likita Narendra Dabholkar ya shafe shekaru yana yaƙi da masu damfarar jama'a da sunan tsafi, har aka harbe shi a birnin Pune a watan Agusta 2013. A cikin 2013 ɗin jihar Maharashtra ta kafa dokar hana irin wannan damfara, wadda ya daɗe yana nema.