Sayen Wuta Mai Sabuntuwa a Jami'o'i

Sayen wuta mai sabuntuwa a jami'o'i shi ne tsarin da jami'a ke bi don samun lantarkin da aka samar daga hasken rana ko iska ko ruwa, maimakon na kwal da gas. Babbar jami'a tamkar ƙaramin gari take: ga ɗakunan kwanan ɗalibai, ga ɗakunan gwaje-gwaje da firji masu ajiye kayan bincike waɗanda ba a kashe su dare da rana, wata ma har da asibiti. Farantan sola da ake shimfiɗawa a kan rufi ba kasafai suke ɗauke wannan nauyi ba, don haka galibin wutar sai an sayo ta daga waje.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen takardun shaida. A Amurka, kowace takarda tana wakiltar wuta megawat ɗaya na tsawon awa guda da aka samar daga tushe mai sabuntuwa. Suna da araha, amma masu suka na cewa sau da yawa ba sa sa a gina sabuwar tasha ko guda, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Hanyar da ta fi nauyi ita ce yarjejeniyar dogon zango: jami'a ta yi wa kamfani alƙawarin sayen wutarsa a kan tsayayyen farashi na shekara 10 zuwa 25. Da wannan takarda kamfanin ke zuwa banki ya ciyo bashin gina tashar. Sau da yawa wutar ba ta ma isa harabar jami'ar. Babban layi take shiga, a daidaita lissafi tsakanin farashin yarjejeniya da na kasuwa.

A nan ne shugabanci ke shigowa. Yarjejeniyar shekara 20 za ta wuce zamanin shugaban da ya sa mata hannu, da na magajinsa ma. Saboda haka a yawancin jami'o'i sai hukumar gudanarwa ko kwamitin amintattu sun amince, bayan ofishin kuɗi da lauyoyi sun auna hatsarin. Idan farashin wuta ya faɗi a kasuwa, jami'ar ce za ta cike giɓin. Kafin a kai ga wannan teburi kuwa, ɗalibai ne sukan fara tayar da maganar. A shekarar 2000, ɗaliban Jami'ar Colorado da ke Boulder sun kaɗa ƙuri'a suka ƙara wa kansu dala 1 a kuɗin kowane zango don a sayi wutar iska. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna wa hukuma inda zuciyar ɗalibai take.

Jami'ar da wutarta ba ta kai ta ja hankalin kamfani ba takan haɗa kai da wasu. A 2014, Jami'ar George Washington da asibitinta da American University sun ƙulla yarjejeniyar shekara 20 ta wutar sola megawat 52 daga Jihar North Carolina. A 2016, Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) ta haɗu da wani asibiti da wata cibiya a Boston suka yi ta shekara 25, wadda ta kai ga gina tashar Summit Farms mai megawat 60. A Birtaniya, jami'o'i 20 sun haɗu a 2019 suka sa hannu da kamfanin Statkraft a kan wutar iska ta fam miliyan 50 na shekara 10.

Wasu kuma sun zarce sayen kawai. Jami'ar Queensland a Ostireliya ta gina tata tashar sola mai megawat 64 a Warwick, aka buɗe ta a 2020. Jami'ar Stanford ta Amurka ta sanar a 2022 cewa wutar da take saye ta zama mai sabuntuwa ɗari bisa ɗari. Sai dai irin wannan lissafi na jimillar shekara ne: da dare, in rana ta faɗi, harabar tana jan wuta daga babban layi kamar kowa, shi ya sa tashar sola ta biyu da ke samar wa Stanford wuta ta zo da manyan batura.