Asusun fansho da tallafin Universal Credit: ina haɗarin yake a zahiri?

Akwai wata magana da ke zagayawa a tsakanin mutanenmu mazauna Birtaniya, wai duk mai karɓar Universal Credit in ya bari ana cire masa kuɗin fansho daga albashi, hukuma za ta ɗauka yana ɓoye dukiya, ta yanke masa tallafi, har ma ta biyo shi bashin abin da ya ci a baya. Saboda wannan tsoron, wasu na rubuta wa wurin aikinsu cewa a fitar da su daga tsarin fansho. Wanda ya yi haka ya yi asara biyu, ta yau da ta gobe, domin abin da doka ta ce kusan kishiyar jita-jitar ne.

Universal Credit tallafi ne da ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ke biya duk wata ga marasa aiki, da masu ƙaramin albashi, da marasa lafiya, bayan an auna samun mutum da ajiyarsa. Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati, kamar ɗalibai da masu bizar aikin kula da tsofaffi, ba ya cikin wannan lissafi. Amma shi ma kada ya ruɗe: fanshon wurin aiki ba kuɗin gwamnati ba ne, hakkinsa ne.

To yaya ake auna samun? Dokokin Universal Credit na 2013 sun ce albashin da za a lissafa shi ne abin da ya rage bayan an cire haraji, da kuɗin inshorar ƙasa, da kuɗin da mutum ya zuba a fansho. Duka ake cirewa, ba rabi ba. Ina jin a nan ruɗanin ya samo asali, domin a tsohon tallafin kuɗin haya rabin abin da ka zuba kawai ake yafe maka, kuma tsofaffin zama har yau da waccan ƙa'ida suke ba sababbi shawara.

Tun daga Nuwamban 2021, kowane fam ɗaya da ka samu a wurin aiki yana rage tallafinka da kwabo 55. Masu 'ya'ya da waɗanda rashin lafiya ya taƙaita wa aiki suna da wani kaso na albashi da ba a taɓawa kafin ragin ya fara. Juya lissafin ka gani. Mutum ya zuba fam 100 daga albashinsa a asusun fansho na ƙashin kansa, sai samun da ake lissafa masa ya ragu da fam 100, tallafinsa ya ƙaru da fam 55. Kamfanin fanshon kuma ya karɓo masa rangwamen haraji na fam 25 daga gwamnati. Fam 125 suka shiga asusu, fam 45 kacal suka bar aljihunsa. Ina yanke tallafi a nan? Sai dai wannan ribar ta wanda albashinsa ya kai inda ake yi masa ragin ce. Wanda ba ya aiki, ko samunsa bai wuce kason da ba a taɓawa ba, tallafinsa ba zai motsa ba ko ya zuba.

A fanshon wurin aiki, wanda ake saka ma'aikaci kai tsaye tun daga 2012, mafi ƙarancin abin da ake zubawa kashi 8 ne cikin ɗari na wani ɓangaren albashi, kuma aƙalla kashi 3 daga mai aikin yake fitowa. Wanda ya fice ya bar wa ubangidansa wannan kashi 3 kyauta. Masu gudun kuɗin ruwa kuwa, Nest, asusun da gwamnati ta kafa, yana da sashen da ke juya kuɗi bisa tsarin Shari'a, sai dai mutum ne zai nema a mayar da shi can.

Wani wuri da ake yawan tuntuɓe: fanshon wurin aiki yana bayyana a bayanan albashi da ake tura wa hukumar haraji, daga can DWP ke ɗauka. Wanda ka buɗe da kanka kake biya daga bankinka ba wanda ya san da shi sai ka faɗa. Ka rubuta a shafinka na Universal Credit a watan da ka biya, ka ajiye shaida. In aka ƙi cirewa, kana da wata ɗaya ka nemi a sake duba hukuncin, in bai yi ba ka ɗaukaka ƙara.

Haɗarin gaske yana wajen ajiya. Abin da bai wuce fam 6,000 ba, ba a kallonsa. Daga nan zuwa fam 16,000, kowane fam 250 yana rage fam 4.35 a wata, wato mai fam 10,000 a banki zai rasa fam 69.60. Da ajiya ta haura fam 16,000, tallafi ya tsaya cak. Kuma ajiyar ba kuɗin banki kaɗai ba ce, filin da ka saya a Kano ko gidan hayarka na Kaduna duk suna iya shiga lissafi. Asusun fansho kuwa, muddin ba ka kai shekarun fanshon gwamnati ba kuma ba ka taɓa shi ba, ko nawa ne a ciki ba a ƙirga shi.

Daga nan ne dabara ke zuwa wa mutum. A ce gado ya faɗo masa na fam 20,000, ya ga tallafi zai tsaya, sai ya kwashi fam 15,000 ya antaya a fansho rana ɗaya. Doka ta hango wannan. In jami'in da ke yanke hukunci ya gamsu cewa mutum ya rabu da dukiya ne don ya samu tallafi ko ya ƙara yawansa, za a lissafa shi tamkar kuɗin na hannunsa har yanzu. Ba sai wannan ce kaɗai manufarsa ba, ya isa a ce tana cikin manyan dalilansa. Ga kuɗi an kulle ba ya iya fitarwa sai ya kai shekara 55, wadda za ta koma 57 a Afrilun 2028, ga tallafi an hana. Ba tsuntsu ba tarko. Biyan bashi da sayen abin da ya dace da halin da mutum ke ciki ba sa cikin wannan, dokar ta ware su ƙarara. Abin da jami'in zai duba shi ne lokaci da yawan kuɗin da abin da mutum ya saba yi. Wanda ya shekara biyar yana zuba fam 80 duk wata daga albashi, ba ɗaya yake da wanda bai taɓa tunanin tsufa ba sai makon da zai cike takardar neman tallafi.

Ni dai wannan ɓangaren bai kwanta min ba. Iyakokin nan na 6,000 da 16,000 suna nan yadda suke tun 2006, alhali kuɗin haya da farashin gida sun yi sama. Matar da ke tara kuɗi a banki don ta biya kafin alƙalamin gida ana rage mata tallafi, maƙwabciyarta mai ninkin kuɗin a fansho ba a ce mata uffan. Sannan an bar maganar niyya a hannun jami'i ɗaya da bai san ka ba.

Fitar da kuɗin ma yana da nasa hukunci. In ka ɗebo dunƙule, ya zama ajiya, a auna shi da waɗancan iyakoki. In ka mayar da shi abin da ake biyanka duk wata, ana cire shi daga tallafi fam da fam, babu sassaucin kwabo 55. Da mutum ya kai shekarun fanshon gwamnati kuwa, ko bai taɓa asusun ba ana iya ƙiyasta abin da zai riƙa ba shi a lissafa masa. Wannan ya fi shafar ma'auratan da ɗaya ya kai shekarun ɗaya bai kai ba, waɗanda tun Mayun 2019 Universal Credit suke nema maimakon Pension Credit, tallafin tsofaffi masu ƙaramin samu.

Hukuncin da ake ta tsoratar da mutane da shi na rashin bayar da rahoto ne, ba na zuba kuɗi a fansho ba. Duk abin da aka biya ka fiye da ƙima za a karɓe, yawanci ta hanyar zaftare tallafin watanni masu zuwa. In sakaci ne, ana iya ƙara tarar fam 50. In an ga alamar zamba, ana iya miƙa maka tarar rabin kuɗin da ka ci, daga fam 350 zuwa fam 5,000, a madadin zuwa kotu, ko kuma a gurfanar da kai. Wanda zai ɗebo kuɗi daga fansho ko zai zuba mai yawa a lokaci guda, ya fara zuwa Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kan irin waɗannan lamura, shawararsu kyauta ce, kuma ya sanar da DWP a watan da abin ya faru.