Wutar da muke sayar wa maƙwabta ce ta jawo mana tsadar lantarki?

Tun da aka ƙara kuɗin wuta, maganar da ake yawan ji daga Nyanya har Kubwa a Abuja ita ce: gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

Wa muke sayar wa wuta, kuma don me?

Nijar da Benin da Togo. Ta Nijar ce mai dogon tarihi. Madatsun Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba duk a kan Kogin Neja suke, kogin kuwa sai ya ratsa Nijar kafin ya iso mu. Jami'an gwamnati sun sha cewa ana ba su wutar ne don kada su tare ruwan daga sama. Ga shi kuma Nijar tana gina tata madatsar a Kandaji, don haka wannan hujja tana buƙatar a sake duba ta.

To ita ce ta sa Band A, wato rukunin waɗanda aka fi ba awannin wuta a rana, ya yi tsada a Abuja?

A ganina, a'a. A watan Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, ta ɗaga kuɗin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kowace yunit. Mafi yawan wutarmu da iskar gas ake samar da ita, ba da ruwa ba, gas kuwa da dala ake yi masa farashi. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma gwamnati ta janye tallafi daga wannan rukuni, dole kuɗin ya hau.

Mun ma ga gwaji da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, Najeriya ta yanke musu wuta har zuwa Maris na 2024. Yamai ta sha duhu, amma ko kwabo bai ragu a kuɗin mitar mai shago a Wuse ba.

Ke nan babu illa?

Akwai. Idan ruwa ya ja baya da rani, duk megawat ɗin da ya tsallake iyaka, wata unguwa ce ta rasa shi. Shi ya sa a Mayun 2024 NERC ta taƙaita abin da ake fitarwa zuwa kashi 6 cikin 100 na wutar da ake samarwa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bashi: rahotannin hukumar sun sha nuna maƙwabtan ba sa biyan kuɗinsu cikakke a kan lokaci, alhali mai mita a Karu sai ya biya kafin ya kunna ƙwai ɗaya.